Wata goma sha shida a kan sifiku biyu: nazarin wani aikin gyara a birnin Kano

Asalin lamarin: Nuwamba 2022

Mutumin da wannan rahoto ya shafa malamin sakandare ne, shekarunsa arba'in da 'yan kai, yana zaune da iyalinsa a gidan haya mai ɗaki biyu da falo a wajen Gyaɗi-Gyaɗi. Zan riƙa kiransa Malam, kamar yadda kowa a layin yake kiransa. Ni maƙwabcinsa ne na bayan layi, kuma tun ina yaro nake da ƙulafucin kwance rediyo, shi ya sa kusan duk awon da za a ambata a nan da hannuna a ciki.

Da aka zo rabon kayan mahaifinsa, 'yan'uwa suka bar masa abin da babu wanda ya nema: amfilifaya ƙirar Japan ta ƙarshen shekarun 1970 mai wat 40 a kowane ɓangare, da dek na kaset, da sifiku biyu, da kwali uku cike da kaset. Yawancinsu tafsiri ne da karatun Alƙur'ani, sai kiɗan kalangu da na kotso da na goge da marigayin ya tara. Kayan sun haura shekara goma sha biyar a wani sito mai rufin kwano a cikin gari, suna shan zafin bazara da yoyon damina.

Amfilifayar ta tashi bayan an kakkaɓe mata ƙura. Sifikun ne suka jigata. Kowace tana da wufa mai inci 8, wato babban bakin da ke fitar da sauti mai kauri, da ƙaramar tuwita a sama mai fitar da siririn sauti. Akwatunan na matsattsen garin katako ne, gindinsu ya sha ruwa ya kumbura ya ruguje. Soson da ke zagaye da bakin wufa, wanda yake riƙe takardar da jikin ƙarfe, Malam ya taɓa shi da yatsa ya zube kamar garin kuka. Haka irin wannan soso yake yi in ya kwana biyu, zafi da laima ne suke cinye shi, ko ana amfani da sifikar ko ba a yi.

Abin da Malam yake nema bai da yawa. Ya ce da ni, "Ni ba ƙara nake so ba. Muryar malamin nan nake so in ji kamar yadda nake jin ta a zauren Baba bayan magariba."

Gyaran farko: Disamba 2022 zuwa Janairu 2023

Ya kai wufofin wajen wani mai gyaran sifika a Sabon Gari. Mai gyaran ba shi da soso mai inci 8, sai ya sa musu baki na yadi mai tauri, irin wanda ake sa wa sifikun biki, ya liƙe da gam. Kwana ɗaya aka gama. In aka danna takardar ɗaya daga ciki a hankali ana jin 'yar guga, alamar koyil ɗin, wato naɗin wayar da ke kaɗa takardar, bai zauna daidai tsakiyar maganaɗisu ba.

Akwati kuma kafintan layi aka ba. Ya sayo farin katako a 'Yan Katako ta Na'ibawa, ya ce gwargwadon girman akwati gwargwadon bes. Ya ƙera biyu, cikin kowanne santimita 35 da 50 da 40, wato lita 70, kaurin katakon santimita 2. Ya haɗa da ƙusa, ba gam, ba wani ƙarfafawa a ciki. A gaba ya yanke rami mai faɗin santimita 10 don iska ta riƙa fita, ba tare da wani lissafi ba. Aka jera akwatunan biyu a ƙasa, a kusurwa ɗaya ta falo kusa da talabijin, domin nan soket yake.

Sautin da ya fito gunji ne. Kowane irin kiɗa aka sa, bes ɗin murya ɗaya yake yi, bum, bum. Kalangu kuwa magana yake yi, mai kiɗa yana matsa tsarkiya a hammata sautin ya hau, ya sassauta ya sauka, amma a waɗannan akwatunan hawa da saukar sun cakuɗe da karkarwar katako. In ka ɗora tafin hannu a gefen akwati sai ka ji yana rawa. Muryar mai tafsiri ta yi kauri kamar yana magana daga cikin randa. Har ɗan gurnanin wuta da ke cikin tsofaffin kaset, wanda da ba a lura da shi, ya fito fili.

A tsakiyar Janairu, hunturu ya yi nasa aikin. Katakon ashe bai gama bushewa ba, ya tsuke, mahaɗar gefe ta buɗe wajen milimita 3, bayan akwati ɗaya ya tsage daga sama har ƙasa. Daga nan kowane bugun ganga sai ya zo da fito.

Gyara na biyu: Fabrairu zuwa Afrilu 2023

A majalisa shawara ta zo ɗaya: wufofin Baba sun tsufa kuma sun yi ƙanƙanta, a sayi manya. Lokacin ana tsakiyar ƙarancin takardun naira, Malam ya yi taransifa ya karɓo wufa biyu masu inci 12 a wani shago a France Road, irin na masu kiɗan biki, kwalinsu ɗauke da adadin wat na ban tsoro. Kafinta ya cike tsagar da gam da garin zarto, ya faɗaɗa ramin gaba. Tuwitocin asali aka bari, kowace da tsohuwar kafasita guda ɗaya da ta zo da ita, ɗan abin da ke tare mata sauti mai kauri. Tsofaffin wufofin kuwa saura kaɗan a ba 'yan jari-bola, uwargidansa ce ta hana. Ta ce, "Malam, kayan Baba ne fa. Ka bar su ko ba su da amfani." Ta naɗe su a tsohon zani ta tura ƙarƙashin gado.

Ƙara ta ƙaru ƙwarai, wannan kam babu musu. Amma murya ta koma kamar daga bayan ƙofa ake yin ta. Babbar wufa ba ta iya watsa siririn sauti ko'ina a ɗaki, sai dai ta harba shi gaba kamar tocila, kuma ƙarfinta ya danne tuwita. Don ya cike giɓin, Malam ya murɗa maɓallin tirebul har ƙarshe, ya bar shi a haka.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris. A satin farko maƙwabcinsa na jikin katanga ya tare shi a hanyar masallaci ya ce, "Malam, don Allah a riƙa sassauta mana bayan asham. Ba ma jin abin da ake faɗa, gunjin ne kawai yake shigowa har ɗakin Hajiya." Malam ya ba shi haƙuri, ya ji nauyi sosai, ya daina kunnawa da dare.

Mako guda bayan ƙaramar Sallah aka yi suna a gidan. Babu wuta, aka tada ƙaramin janareta mai ɗauke da firiza da fankoki, aka fito da akwatunan tsakar gida, yara suka ƙure ƙara na wajen awa huɗu. Da yamma ɓangaren hagu ya dusashe. Washegari na je da mitata ta awon wuta. Tuwitar hagu ba ta nuna komai, wayar koyil ɗinta ta yanke. Malam ya kwance ta ya riƙe a tafin hannu, ya kai hanci yana jin ƙaurin ƙuna, ya daɗe bai ce uffan ba. Muka sake tada janaretan da kaya iri ɗaya a kansa, muka auna: bolt 180.

Dakatawa da awo: Mayu zuwa Yuli 2023

Sai a nan Malam ya yarda muka je wajen wani dattijo a Fagge, tsohon injiniyan gidan rediyo da ya yi ritaya, wanda muke kira Baba. Ya saurari labarin duka bai katse ba, sannan ya tambaya, "Wufofin asali suna nan?" Da aka ce suna nan ya ce to akwai magana.

Ranar Asabar ya zo gidan. Abu na farko da ya yi, ya ce Malam ya sa kaset a ƙarar da ya saba ji, ya ɗora mita a bayan sifika. Ba ta kai bolt 2 ba. Baba ya ce a sifika mai ohm 8, bolt 2.83 ne wat ɗaya, don haka Malam bai taɓa cin ko wat guda ba a zamansa na falo. Ya ƙara da cewa ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti, kuma kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sai an ninka wat kusan sau goma.

Ƙonewar tuwita ma ya warware mana ita. An yi amfilifayar don bolt 220, kuma irinta ƙarfinta yana bin wutar da ta samu. A bolt 180 wat 40 ɗin nan ya koma wajen 27. Da yara suka nemi abin da ya fi haka, sai ta riƙa datse kan sautin, datsewar kuma tana haifar da siraran sautuka masu kaifi da babu su a kiɗan. Duk waɗannan tuwita suke nufa, ga tirebul a ƙure, ga kafasita ɗaya tal da ta tsufa a matsayin kariya. Wayar koyil ɗin tuwita ba ta fi gashi kauri ba sosai, wat kaɗan take ɗauka.

Daga nan aka shiga awon wufofi. Kayan awon ba su wuce waya mai manhajar fitar da sauti ba, da amfilifaya, da rezista mai ohm 100 da aka jera da sifikar, da mita. Aka rataye wufa da igiya a tsakar gida, a kan igiyar shanya, don kada bango ko ƙasa su shiga lissafi. Ana ɗaga sautin a hankali daga kaɗawa 20 a daƙiƙa, abin da ake rubutawa 20 Hz, ana kallon mita. Inda bolt ya kai ƙololuwa kafin ya fara sauka, nan ne sautin da wufar take rawa da shi da kanta, wanda ake kira Fs. Ta farko ta ba da 78 Hz, ta biyu 65 Hz. Baba ya girgiza kai ya ce bakin yadi ya ɗaure su, kuma bai ɗaure su daidai da juna ba.

Aka yi odar soso mai inci 8 ta hannun wani ɗan kasuwa da ke zuwa Legas. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, darajar naira ta faɗi a Yuni, farashin da aka yi magana a kai ya canza kafin kayan su iso, kuma sai da aka jira sati uku. Aikin sa soson a gaban Baba aka yi shi, yini guda cur. An kankare tsohon gam da reza a hankali, an ɗaga hular tsakiya, an cusa siraran yankan takardar kalanda guda huɗu tsakanin koyil da ƙarfen tsakiya don ya tsaya cak, sannan aka liƙa soson ciki da waje aka bar shi ya kwana. Washegari aka zare takardun, aka mai da hula. Guga ta tafi. Aka bar su suna kaɗawa a 25 Hz da ƙaramin ƙarfi na awa goma don soson ya saki jiki, aka sake aunawa: 42 Hz da 43 Hz.

Saura lambobi biyu. Ɗaya ita ce Qts, mai nuna yadda wufa take saurin daina rawa bayan an buga ta. Ana samun ta daga faɗi da tsayin tudun da mita ta nuna a kewayen Fs, ta fito 0.45. Ɗayar ita ce Vas, mai nuna laushin soso da sauran abin da ke riƙe da takarda, ana faɗinta da lita. Don samun ta sai an ɗora wa takardar nauyi sananne. Malam ya kai dunƙulen danƙo wajen wani mai sayar da gwal a kasuwa, aka auna masa giram 20 daidai a ma'auninsa. Da aka manna shi a kewayen hular tsakiya, Fs ta sauko daga 42 zuwa 30 Hz. Lissafi ya ba da nauyin takarda da koyil wajen giram 21, Vas kuma lita 45.

Baba ya ce waɗannan lambobi uku su ne suke faɗin akwatin da wufa take so, kuma ba shi ya ƙirƙiro ba. Wani injiniya ɗan Ostireliya, Neville Thiele, ya buga lissafin a 1961, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970, shi ya sa ake kiran lambobin da sunansu su biyu. Ya ɗauki biro ya lissafa akwatin kafinta: lita 70 da rami mai santimita 10 a katako mai santimita 2 yana amsawa a wajen 56 Hz, kamar yadda bakin kwalba yake yin murya ɗaya in an hura shi. Sannan ya sa muka auna falon: tsawo mita 4, faɗi mita 3, daga ƙasa zuwa silin mita 2.8. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, in ka raba da ninkin faɗin ɗaki za ka samu sautin da yake kai da komowa tsakanin bango da bango yana taruwa. Faɗin ya ba da 57 Hz, tsayin ya ba da 61 Hz. Akwati 56, bango 57, silin 61, ga wutar gari mai 50 Hz a gefe, ga sifikun a kusurwa inda duk waɗannan suka fi ƙarfi. Malam ya dubi takardar ya ce, "Baba, ashe gunjin nan gida gare shi."

Aka yanke shawarar akwati rufaffe, marar rami, irin wanda Edgar Villchur ya fito da shi a Amurka a 1954, inda iskar da ke kulle a ciki take tallafa wa takarda. Lissafi ya ba da lita 30, inda wufa za ta amsa a wajen 66 Hz ba tare da tudu ba. Akwati mai rami da aka lissafa da kyau zai fi sauka ƙasa, amma kuskure kaɗan a tsawon bututu yana ɓata shi, kuma falon siminti da tayil ba ya buƙatar ƙarin bes. Akwai wani dalilin da muka gani da idonmu: da aka buɗe akwatunan kafinta, mun tarar da gidan zanzaro biyu da ƙurar hunturu a kan maganaɗisu.

Akwati na uku: Agusta zuwa Satumba 2023

An bar ɗanyen katako. An kuma bar MDF, wato allon matsattsen garin katako mai laushi, duk da shi aka fi amfani da shi a wannan aiki, saboda yana kumbura in ya sha laima, kuma falon Malam yana tsatsa a damina. Aka sayi filawud mai milimita 18, Malam ya duba gefensa da kansa ya zaɓi wanda ba shi da ramuka tsakanin faifansa. Kafintan nan dai aka koma wa, amma wannan karon da zane a takarda: ciki santimita 24 faɗi, 48 tsayi, 28 zurfi. Wannan ya haura lita 32 kaɗan, an bar rarar ne saboda wurin da maganaɗisu da katakon ƙarfafawa za su ci. Kowace mahaɗa da farin gam da sukuru, sanda ɗaya ta haɗa gefe da gefe, wata ta haɗa gaba da baya. Da farko kafintan ya ce akwatin ya yi ƙanƙanta, bes ba zai samu wurin zama ba. Da ya gama ya ƙwanƙwasa gefensa da ɗan yatsa ya ji tauri kamar turmi, ya ce wannan kam ko jikoki.

Aka cusa auduga ta roba irin ta filo, giram 300 a kowanne, sakwa-sakwa ba a danne ba. Aka ɗaura wufofi aka auna. Na dama ya ba da tudu mai kyau a 66 Hz. Na hagu tudunsa ya yi gajarta ya baje. In aka danna takardar na dama tana dawowa a hankali, ta hagu kuwa nan take. Iska tana fita ta wani wuri. Mun shafe yamma guda muna nema da ido ba mu gani ba. Uwargida ce ta miƙo turaren tsinke. Aka kunna shi, aka sa sautin 25 Hz, aka riƙa bi da shi a hankali a kan kowace mahaɗa. Hayaƙin yana tashi a miƙe har aka zo ramin da waya ta fita ta baya, nan ya fara rawa yana karkata. Aka toshe da silikon, washegari na hagu ya ba da 67 Hz.

Mai raba sauti: Oktoba 2023

Tuwita irin ta asali ba ta samu ba, kuma haɗa tsohuwa da sabuwa zai sa hagu da dama su bambanta. Aka sayi biyu iri ɗaya cikin kayan tokumbo, masu inci ɗaya, ohm 8. Awo ya nuna suna rawa da kansu a wajen 1,100 Hz, ƙa'ida kuma ita ce kada a ba tuwita aiki sai sama da ninkin wannan. Mai raba sauti shi ke tura sauti mai kauri ga wufa, siriri ga tuwita. Aka tsai da wurin rabo a 2,500 Hz, da tsarin da ake kira Linkwitz da Riley, mai kafasita da koyil a kowane ɓangare. Lissafi ya nemi kafasita mai mikrofarad 4 da koyil mai milihenri 1.

Kafasitar da ake yi musamman don sifika ba mu same ta ba. Baba ya ce a je wajen masu kayan fanka. Kafasitar fankar silin an yi ta ne don wuta mai kai da komowa, ba ta da gaba da baya, in aka haɗa mai 2.5 da mai 1.5 kafaɗa da kafaɗa sun ba da 4. Koyil kuwa wani mai riwayin ɗin fanka ya naɗa mana da wayar tagulla mai milimita ɗaya a kan guntun fayif na roba, ana naɗawa ana aunawa da mitar Baba. A wannan tsari dole a juya wayoyin tuwita, jan ya koma wurin baƙi, in ba haka ba sautin wufa da na tuwita suna kashe juna daidai wurin rabo. Mun manta a gwajin farko, murya ta yi rami a tsakiya, muka gyara.

Sauran gyare-gyaren da kunne da mita aka yi su cikin sati uku. An sa rezista mai ohm 8 da kafasita mai mikrofarad 10 a jere a bakin wufa, don kada turjiyarta ta riƙa hawa a siraran sautuka. Tuwita ta fi wufa ƙara, aka rage mata desibel 3 da rezista biyu, mai ohm 2.2 da mai 20. Murya ta ɗan yi tsini, aka ƙara koyil ɗin wufa zuwa milihenri 1.5, ta zauna.

Falon kansa: Nuwamba 2023

Wannan matakin bai ci ko kwabo ba sai kuɗin doguwar waya da ƙafafu biyu na katako masu tsayin santimita 60, amma sai da aka zauna da uwargida, domin kujeru za a motsa. Aka fitar da sifikun daga kusurwa, aka jera su a bangon mita 3, tsakaninsu mita 1.8, kowace santimita 60 daga bangon gefe da 40 daga na baya, tuwita daidai kunnen wanda ke zaune. Kujerar Malam tana tsakiyar faɗin falon, mita 2 daga sifikun. In sifiku biyu suna nesa ɗaya da bangon gefe, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ba sa tada sautin 57 Hz ɗin nan sosai, kuma tsakiyar ɗaki nan ne ya fi rauni. Aka shimfiɗa kafet a kan tayil, aka mai da labule mai kauri a taga. Amfilifaya aka sa mata sitabilaiza, aka kuma yi doka: ba ta fita tsakar gida.

Sakamako: Janairu zuwa Maris 2024

Hunturu ya zo ya wuce, babu mahaɗar da ta buɗe. A ƙarshen Janairu muka sake awo, 66 da 67 Hz, ba su motsa ba. Maɓallan bes da tirebul suna tsakiya. A ƙarar da Malam yake ji, mita tana nuna bolt ɗaya zuwa biyu. Maƙwabci bai sake magana ba, da Malam ya tambaye shi ya ce ya ɗauka an sayar da kayan.

Azumin 2024 ya kama ranar 11 ga Maris. A daren na uku ina wurin ya sa ɗaya daga kaset ɗin tafsiri. Ana jin mai jan baƙi a gefe guda, ana jin numfashin malamin kafin ya ɗauki fassara, ana jin tarin wani a cikin jama'a. Mahaifiyar Malam, wadda ta zo yin azumi a gidan, ta fito daga ɗaki ta tsaya a bakin ƙofa da carbi a hannu har kaset ya juya.

Akwai abin da bai samu ba. Ƙasa da 50 Hz sifikun ba su da abin kirki, mai son kiɗan zamani mai girgiza ƙirji ba zai gamsu ba. Sautin 61 Hz na tsakanin ƙasa da silin yana nan, kafet ba ya taɓa shi. Kuma yanzu da komai ya fito sarari, shuuu ɗin tsofaffin kaset ma ya fito.

Abin da ya yi aiki, da dalili

A ganina asarar gyaran farko da na biyu tushenta ɗaya: an ƙera akwati kuma an sayi kaya kafin a san lambobin wufar. Mai gyaran Sabon Gari da kafinta da 'yan majalisa ba su yi ƙarya ba, ilimin sifikar biki suka kawo, inda ake son tauri da girma da ƙara a fili. A fili wufofi masu inci 12 sun fi na mahaifin Malam nesa ba kusa ba, kuma da Malam ya ba da su kyauta ga wata islamiyya don walimar sauka, sun yi aikin da aka yi su dominsa. Falo mai mita 3 da 4 wani wuri ne dabam.

In aka ce in jera matakan bisa nauyinsu, zan sa mai da soso mai laushi a gaba, domin shi ya dawo da wufofin yadda aka ƙera su, ya kuma daidaita su da juna. Fitar da sifikun daga kusurwa ne na biyu, kuma ina jin takaicin cewa shi aka yi a ƙarshe, alhali da an yi shi tun Disamba 2022 da rabin gunjin ya tafi ba a kashe sisi ba, wataƙila da ba a kai ga sayen manyan wufofi da ƙona tuwita ba. Rufaffen akwati na filawud ya zo na uku, ya kawar da murya ɗayar nan ta rami da rawar katako da tsagewar hunturu. Mai raba sauti shi ya fi cin lokaci, amma gyaransa ya fi na sauran ƙanƙanta a kunne.

Tuwitar hagu ce kaɗai asarar da ba ta dawo ba. Ta dama, mai rai, tana cikin zanin nan a ƙarƙashin gado tare da ƙonanniyar. Soson da aka sa shi ma zai ruɓe wata rana kamar na farko, don haka kafin a rufe akwatunan Baba ya sa Malam ya rubuta lambobin da alƙalami a jikin katakon baya ta ciki: Fs 42, Qts 0.45, Vas 45, lita 30, rabo 2,500, da watan da aka sa soso. Aikin da ke gabansa yanzu shi ne bel ɗin dek, wanda ya fara saki yana jan muryar malamin a ƙarshen kowane kaset.